Yadda Ake Gano Inda Baƙuwar Ƙara Take Fitowa a Maɓallan Fiyano

A nan Kasala, da Gadarif inda nake zuwa kiɗan biki bayan an kwashe riɗi, ba kasafai ake cewa fiyano ba. Org muke ce masa, yadda sauran mutanen Sudan suke kiransa, ko ƙaramin nan ne mai maɓalli 61 da ake zuwa hafla, wato taron biki, da shi, ko babban mai 88 da ake ajiyewa a ɗaki. Amma tun da rubutun zai iya kaiwa har Kano da Damagaram, bari in riƙe sunan da kowa ya sani.

Makaɗi ne ni tun farko, gyara kuwa dole ce ta koya mini shi. Abin da na lura da shi a wajen 'yan'uwa makaɗa shi ne, da zarar mutum ya ji maɓalli yana wata ƙara da bai saba ji ba, sukurdireba yake fara nema. Fiyanon da aka kawo mini a buɗe, an zuba sukurorinsa a leda, kullum ya fi wanda aka kawo a rufe ba ni wahala, don garin neman gira an riga an taɓa ido. Ƙarar nan ba ta wuce ɗaya daga cikin wurare uku: ko dai jikin maɓallin, ko lantarkin da ke haifar da sautin, ko kuma lasifika da abin da ke kewaye da ita. Da gwaji uku za ka san inda take, ba ka kwance ko sukuru ɗaya ba.

Gwaji na farko: a kashe shi

Kashe fiyanon, ka zare adafta daga soket. Kashe fanka da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ka rufe taga. Bayan isha'i ko da sassafe ya fi, lokacin da rakshoshi, kekunan haya masu taya uku, ba su cika titi ba. Sai ka fara daga hagu, kana danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya, farare da baƙaƙe, kowanne sau biyu: sau ɗaya a hankali, sau ɗaya da ƙarfi. Ka saurari saukarsa, ka kuma saurari tashinsa bayan ka ɗaga yatsa, don ƙarar sauka daban, ta tashi daban.

Ka sani babu maɓallin da ba ya ƙara ko kaɗan. Musamman mai 88, wanda kowane maɓallinsa yake ɗaga 'yar guduma mai nauyi a ciki don ya ba hannu nauyin fiyanon katako, dole ka ji wani "dum-dum" mai taushi. Wannan halittarsa ce. Abin da kake nema shi ne maɓallin da ya fita daban da maƙwabtansa. Ka gwada fari da fari, baƙi da baƙi, don tsawonsu ba ɗaya ba ne, amonsu ma ba zai zo ɗaya ba. Duk wanda ka samu, ka liƙa masa guntun salatif na takarda. Kada ka ce za ka tuna, ba za ka tuna ba.

In ka ji "ƙwas" mai tauri lokacin da maɓallin ya kai ƙasa, kamar roba ta bugi roba, matashin da ke ƙarƙashi ne ya cinye. Wani dogon ƙyalle ne mai kauri da aka shimfiɗa daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kuma a tsakiyar fiyano yake fara lotsawa, inda hannu ya fi zama. In kuwa "tak" ɗin a wajen tashi ne, matashin sama ne, wanda ke tare maɓallin ko gudumar idan sun koma mazauninsu. Duka biyun ana sake su, amma sai an buɗe.

In "ƙiiƙ" ne, ko ka ji maɓallin yana gurzar wani abu, giris ɗin da aka shafa masa a kamfani ne ya bushe. Wannan shi ne ciwon ƙasarmu. Zafin watan Mayu yana narkar da giris ya gangare daga inda aka sa shi, habub kuma, wato guguwar ƙura, ta zo da ƙura mai laushi kamar gari ta zauna a kan ragowar, su haɗu su zama wani abu kamar laka. Fiyanon da ya kwana biyu a hafla a fili, ba rufi, ba zai tsira daga wannan ba.

Kama bakin maɓallin ka ɗan motsa shi hagu da dama. Ɗan motsi kaɗan ba laifi. In yana kaɗawa har yana bugun na kusa da shi, madogarar da ke riƙe shi a tsaye ta sassauta. In kuma ka ga ya fi sauran tsayi, ko ya nutse, ko ya karkace, to ya tsage a gindi ko gudumarsa ta goce. Wannan ka daina kaɗa shi nan take, don kowace dannawa ƙara tsagar take yi.

Kafin ka bar wannan gwaji, ka sa wani ya kama maka gefe ɗaya, ku ɗan karkata fiyanon a hankali. In wani abu ya gangara a ciki, ka sami ɓarawonka. Ni dai na fitar da ƙwallon dabino, da allurar ɗankwali, da tsabar kuɗi, da marfin biro, sau ɗaya ma har da gidan kyankyasai guda.

In a kashe duk maɓallan lafiya suke, to jikinsu ba shi da laifi. Wuce gaba.

Gwaji na biyu: iyafis

Kunna shi, rage murya, ka soka iyafis. A galibin fiyano, da ka soka, lasifikokin jiki suna yin shiru. Danna maɓallin da ke damunka.

In ƙarar ta ɓace a kunne, ka yi hamdala, don sautin da na'urar ke haifarwa mai tsabta ne, a waje yake gurɓacewa. Abin da ke faruwa shi ne, kowane abu a ɗaki yana da amon da yake amsawa. Sai ka ga maɓalli ɗaya tak, ko biyu, in an danna su wani abu ya ɗauki "zrrr", sauran kuwa shiru, mai fiyano ya rantse maɓallin ne ya lalace.

Ga dabarar kama shi. Zare iyafis, ka sauya murya daga ta fiyano zuwa wadda ba ta mutuwa muddin yatsa na kai, kamar ta sarewa ko ta goge. Ɗora wa maɓallin wani abu mai ɗan nauyi, ko ka sa yaro ya danne shi. Yanzu hannuwanka biyu sun huta, ƙarar kuma tana ci gaba. Sai ka bi kana dafa abubuwa ɗaya bayan ɗaya: abin ɗora littafi, ragar da ke kan lasifika, marfin batir, gefen jikin fiyanon, ƙafafun ƙarfen da yake kai. Inda ka dafa ƙarar ta tsaya, nan ne. In ba a jikinsa ba ne, ka faɗaɗa: farantin shayi da kofunan da ke kai, 'yan finjalan jabana, wato na shan gahawa, da ke gogar juna, gilashin taga, ƙofar kwaba, har kwanon rufi in ƙusarsa ta saki. Ka janye shi daga jikin bango, ko ka kai shi wani ɗaki ka sake ji.

Fiyanon da ke yawo a raksha daga wannan biki zuwa wancan, sukurorin ƙasansa sukan sassauta. Kifa shi a kan katifa ka ɗaure su, amma da tausayi, don cikin roba suke shiga, in ka matsa haƙorin ya cinye. In duk ka yi wannan, amma ɓangare ɗaya yana ci gaba da "ɓrrr" a kan sautukan ƙasa ko da murya ba ta da yawa, takardar lasifikar ce ta yage, ko wani ƙaramin ƙarfe ya manne wa maganaɗisunta. Jona shi da lasifikar waje ka tabbatar.

Gwaji na uku: ƙarar tana bin maɓalli ko tana bin sauti?

In har a iyafis ma kana jin ta, wannan gwajin ne zai raba gardama, kuma shi na fi so a cikin ukun. Nemi tiransifos, abin nan da muke ɗaga fiyano ko mu sauke shi don ya dace da muryar mawaƙi. Ɗaga shi da lamba ɗaya. Sunayen sautukan fararen maɓallai a jere su ne do, re, mi, fa, sol, la, si. Yanzu maɓallin da ke ba da mi zai ba da fa, shi kuma mi ya koma kan baƙin maɓallin da ke hagunsa. Danna su duka biyu. In aibin ya tsaya a kan tsohon maɓallin duk da sautinsa ya sauya, laifin yana ƙarƙashin wannan maɓalli. In ya tashi ya bi sautin zuwa sabon gida, maɓallin ba ruwansa, a cikin muryar ne ko a cikin saiti. Ka ƙara da sauya murya sau biyu ko uku. Aibin da ke cikin muryar fiyano kaɗai, ba ya cikin ta sarewa, ba ciwon ƙarfe ba ne.

A nan ne abubuwa da yawa da ba lalacewa ba ne suke shigowa.

Wani matashi ya taɓa sauke fiyano a ƙofata, ransa a ɓace. Ya ce, "Usta, wannan mi ɗin ya karkace, ko me na kaɗa sai ya fito kamar mai mura." Na danna mi na tsakiya, na danna na sama, na danna na ƙasa. Duk sun sauka iri ɗaya. Na gwada si, shi ma haka. Na ce, "Yaro, daga ina aka kawo shi?" Ya ce, "Kawuna ne ya aiko daga Jidda." Na ce to ba abin da ya same shi. Fiyanon da ake yi wa kasuwar ƙasashen Larabawa, irin su jerin PSR-A na Yamaha da wasu daga cikin jerin Pa na Korg, suna da wasu madannai goma sha biyu na musamman da ke sauke sauti da rabin tazarar da ke tsakanin farin maɓalli da baƙin da ke jikinsa. Da su ake kaɗa maƙamai, wato jerin sautukan kiɗan Larabawa, irin su Rast, wanda in an ɗora shi a kan do, mi da si ne ake saukewa. Mu kuwa yawancin kiɗan Sudan a kan sautuka biyar yake tafiya, ba ma bukatar wannan saukewar, shi ya sa kunnen yaron ya ji ta kamar ciwo. Alamarta a fili take: duk masu suna ɗaya, a kowane oktaf, wato daga wannan do zuwa do na gaba, suna karkacewa tare. Ƙura ba ta iya wannan lissafi.

Masu babban fiyano kuma sukan zo da wani ƙorafin. Wai maɓallan ƙarshen dama ba sa yin shiru in an ɗaga yatsa. Da gangan aka yi. A fiyanon katako, kimanin oktaf ɗaya da rabi na ƙarshe ba su da abin da ke danne tsirkiya ya kashe amonta, masu ƙera na lantarki kuma suka kwaikwayi hakan. Haka nan ɗan "ƙyal" na ƙarfe da ake ji a sautukan sama, da ɗan "tuf" lokacin sakin maɓalli, da "shhh" in an taka feda, abin ƙafa da ke tsawaita sauti, duk daga fiyanon gaske aka naɗo su. A iyafis mai kyau sun fi fitowa. In ba ka son su, a da yawa daga cikin na'urorin akwai inda ake rage su a saiti, ka rage eko ma ka ji.

Saura 'yan ƙanana, in ambace su da sauri. Sauti yana fitowa biyu-biyu ko kamar daga cikin bututu: ko an haɗa murya biyu ba ka sani ba, ko ka jona da kwamfuta ta MIDI tana dawo maka da abin da ka aika, sai ka zare wayar ka ji. Sauti yana yankewa in kiɗa ya yi yawa: kowane fiyano yana da iyakar sautukan da zai riƙe a lokaci guda, wani 32, wani 48, wani 64, manyan 128 ko fiye, in ka cika ta sai ya yar da na farko. Feda tana aiki a juye, sauti ya ƙi mutuwa sai ka taka: ƙafarka na kanta lokacin da ka kunna, ko ka soka ta bayan kunnawa, kashe ka sake kunnawa. Duk maɓallan suna rawa ko sun sauka tare: ƙura ta shiga abin lanƙwasa sauti da ke gefen hagu, motsa shi sau da yawa ka gani, ka kuma duba a saiti ko sautin la na nan a kan 440, lambar da aka saba daidaita shi a kai.

In ka rikice, mayar da saiti yadda ya fito daga kamfani. A yawancin na Yamaha, danne farin maɓalli na ƙarshe a dama ake yi sannan a kunna. Sauran kamfanoni kowa da hanyarsa, tana cikin littafin na'urar. Amma don Allah ka fara kwashe kiɗe-kiɗenka da saite-saitenka a filas. Na ga babban mutum ya kusa kuka saboda kiɗan tumtum da na sira, salon kiɗanmu na Sudan, da ya yi shekaru yana tarawa.

Maganar wuta

Akwai ƙugi, "huuum", da ba ya jiran a danna komai. Wannan ba na maɓalli ba ne, na wuta ne. Wutar Sudan tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, saboda haka ƙuginta yana kusa da sol na can ƙasa, maɓalli na 11 daga hagu a mai 88. 'Yan'uwa na Makka da Jidda tasu 60 ce, ƙuginsu ya ɗan fi namu tashi. Zare duk wayoyin da suka tafi miksa ko kwamfuta, ka mayar da su ɗaya bayan ɗaya har ka ga wadda ta kawo shi. Sau da yawa jona fiyano da miksa a soket guda yana kashe shi. Ɗauke wayar hannu daga kan fiyanon, ita ke kawo "dit-dirit-dit" kafin kira ya shigo. Batir in ya yi sanyi, sauti yakan farfashe idan ka danna da ƙarfi, haka ma ƙaramin janareto da aka ɗora wa fitilu da lasifikoki fiye da ƙarfinsa.

Adaftar kasuwa kuwa ka yi hattara da ita. Ƙananan Yamaha da yawa bolt 12 suke ci, wasu manyan 16, kuma ba duk kamfanoni ne suka daidaita kan ko tsakiyar bakin wayar ne mai alamar tarawa ko mai ta ɗebewa ba. Don baki ya shiga rami ba shi ke nuna ta dace ba. Karanta abin da aka rubuta kusa da ramin.

In ya zama dole a buɗe

Ga alamar da ta fi kawo mutane wurina: maɓalli ɗaya yana tsawa da dukkan ƙarfinsa ko da shafa shi ka yi, ko ya yi shiru gaba ɗaya, ko sai ya ga dama. Tiransifos kuma ya nuna aibin bai bar maɓallin ba. Ka fara duba saitin nauyin hannu, don in an kashe shi duk maɓallan ne za su fito da ƙarfi ɗaya. In ɗaya ne tak, to ga abin da ke ciki.

Ƙarƙashin maɓallan akwai doguwar roba mai ƙululu, galibi an yanka ta kashi-kashi, wajen maɓalli 12 kowane yanki. Kowane maɓalli yana da ƙululu biyu, wasu masu tsada uku, a cikin kowanne akwai baƙin ɗigo da ke taɓa fanel ya haɗa wuta. Ɗaya yana riga ɗaya sauka. Na'urar tana auna ɗan lokacin da ke tsakaninsu: in gajere ne ta san da ƙarfi ka buga, in ya yi tsawo ta san lallaɓawa ka yi, sai ta ba shi lamba daga 1 zuwa 127. Ƙwayar ƙura ɗaya a kan ɗigo ɗaya ta isa ta ɓata lissafin, ko ta sa shi tsawa ko ta kashe shi.

In sabo ne kuma garantinsa bai ƙare ba, a bar kaza cikin gashinta, mayar wa wanda ya sayar maka. In kuma irin wanda wayar wuta ke shiga cikinsa kai tsaye ne ba ta adafta ba, akwai abubuwan da ke riƙe wuta a ciki ko bayan an zare, ka bar wa mai gyara.

In ba haka ba, zare wuta, cire batir, kifa shi a kan bargo. Ɗauki hoto da waya kafin kowane mataki. Sukurorin ba tsawonsu ɗaya ba, ka zana fiyanon a kan kwali ka riƙa soka kowanne a gurbinsa, don dogon sukuru a ramin gajere yana huda fanel. Ɗaga marfin a hankali, akwai siraran wayoyi masu faɗi da ke haɗe da shi, kada ka fizga. A wasu na'urorin ta ƙasa ake kaiwa ga robar, a kwance fanel ɗin kawai. A wasu sai an cire maɓallan, kuma farare ake fara cirewa kafin baƙaƙe. Jera su yadda suka fito, don do da re da mi ba yanka ɗaya aka yi musu ba.

Ɗaga robar, ka lura da gefen da ke gaba, in ka juya ta wajen mayarwa lissafin zai birkice. Sayi sifirit mai ƙarfi a kantin magani, irin isofurofil, ka ɗan jiƙa auduga mai tsinke, ka goge baƙaƙen zanen da ke kan fanel. Ɗigon robar kuwa shafa ɗaya mai sauƙi ta ishe shi, in ka kankare baƙin ka kashe shi. Ban da fetur, ban da turare, ban da WD-40. Bar shi ya bushe sarai. In ka ga ƙululun ya tsage, goge ba zai yi ba, sai sabon yanki. Kafin ka samu, kana iya musanya shi da irinsa daga oktaf ɗin ƙarshe da ba ka cika zuwa ba, in girmansu ɗaya. 'Yan ƙafafun robar kuma, da tsinken da ba shi da kaifi ake tura su cikin ramukansu har ta kwanta daidai, don in gefe ɗaya ya ɗaga, za ka rufe ka tarar da sabon aibi.

Tun da ka riga ka buɗe, goge tsohon giris daga maɓallan da ka liƙa wa salatif, ka sa sabo kamar ƙwayar gero. Sai wanda aka rubuta ya dace da roba. Na mota da man keke suna cinye ta a hankali har ta tsage.

Abu ɗaya ne goge-goge ba ya magani. In ka ga maɓallan da suka mutu suna da tsari, misali shida ko takwas a jere, ko kowane na shida ko na takwas tun daga hagu har dama, ba ƙura ba ce. Maɓallan rukuni-rukuni suke raba layin wuta, saboda haka layi ɗaya ne ya katse. Zare siririyar wayar da ta tashi daga fanel ɗin maɓallai, ka mayar da ita ta zauna daram. In ba ta gyaru ba, ka haska fitila ka nemi inda shayi ya taɓa zuba, ko kore-koren tsatsa, wanda ya fi yawa a kayan da suka zauna a Bur Sudan saboda iskar teku mai gishiri. Wannan aikin mai dalma ne da mita.

Kada ka ɗaure sukurori duka sai ka gwada. Ɗora marfin, sa biyu ko uku, kunna, ka bi maɓallan daga farko zuwa ƙarshe, a hankali sannan da ƙarfi, kamar yadda ka yi a gwajin farko. In lafiya, ka ɗaure sauran. In sai an kai wa mai gyara, ka naɗi ƙarar a waya, ka bar salatif ɗin a inda yake, ka kwafi lambar samfurin da ke ƙasan fiyanon, don da ita ake neman roba da matashi, kuma ka faɗa masa sakamakon gwaji ukun nan kafin ya taɓa komai.